Wutar minjiriya da raɗar ɗan sarki

A shekarar 1987 wani masanin kifaye ɗan Nijeriya mai suna Sagua ya rubuta bayanin wani nau'in kifin lantarki na tabkin Kainji, wanda kafin nan masana ba su bambanta shi da ƴan'uwansa ba. Al'adar masu ilimin halittu ce su raɗa wa kowane nau'i suna biyu da Latinanci. Shi kuwa da ya zo kan suna na biyu sai ya ɗauko wanda masunta ke kiran kifin da shi, ya rubuta Malapterurus minjiriya. Haka sunan yake har yau cikin kundayen masana na duniya: kalmar Hausa zaune daram tsakanin kalmomin Girka da na Latin.

Duk wanda ya zauna bakin kogin Isa, ko ya yi hulɗa da masuntan tabkin Cadi, ya san minjiriya ko da a baki ne. Kifi ce mai kauri da taushin jiki, ba ta da ɓawo, idanunta ƙanana, tana da gashin baki irin na tarwaɗa domin danginsu ɗaya. Ba ta da saurin iyo, ba ta kuma buƙatarsa. Ƙarƙashin fatarta akwai wata riga mai kama da kitse wadda ta lulluɓe kusan dukan jikin, kuma daga nan take sakin wutar da kan kai volt 350 in babba ce. Mai karatu ya tuna cewa wutar da ke cikin wayoyin gidajenmu volt 220 ce. Abin da ya hana ta kashe mutum shi ne gajartar bugun, domin ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa; amma ya isa ya sumar da ƙaramin kifi, ya isa ya sa ƙato ya saki koma ba shiri.

Ba mu ne muka fara mamakinta ba. Masarawan dauri sun sassaƙa siffarta a bangon kabarin wani babban bafade mai suna Ti, a Sakkara, fiye da shekara 4000 da suka wuce. Larabawa sun kira ta ra'ad, kuma likitan nan na Bagadaza, Abdul Laɗif, wanda ya zauna Masar wajen shekarar 1200, ya rubuta yadda take kashe hannun wanda ya taɓa ta. A nan malamin harshe ba zai wuce bai tsaya ba: tushen wannan kalma shi ne ya ba mu aradu, kuma a Larabci tushen ya ƙunshi tsawa, ya ƙunshi karkarwar jiki. Wato sunan ya haɗa kifi da hadari ƙarnoni kafin wani ya tabbatar cewa wutarsu iri ɗaya ce. Bafaranshen nan Michel Adanson, da ya gamu da ita a Senegal a 1751, ya kwatanta bugunta da na kwalbar Leyde, wata na'urar tara lantarki da Turawa ke yayi a lokacin. Da Alessandro Volta ya ƙera pil na farko, ya aika wa masanan Landan wasiƙa da Faransanci a 1800, inda ya gabatar da ƙirarsa a matsayin kwaikwayon gaɓar lantarkin kifi. In an bi salsala, pil ɗin da muke sa wa rediyo da tocila jikan kifi ne.

Abin da ya jawo ni cikin wannan magana, ni da sana'ata harshe ce, wata damuwa ce da Charles Darwin ya bayyana da alƙalaminsa. A littafinsa na 1859 kan asalin nau'o'in halittu ya keɓe babi guda domin matsalolin da ra'ayinsa ke fuskanta, kuma ina girmama marubucin da ke jera raunin hujjarsa tun abokan hamayya ba su jera masa ba. Ra'ayin nasa shi ne gaɓa ba ta fitowa a cike rana ɗaya. Da kaɗan da kaɗan take ginuwa, kuma dole kowane mataki ya amfani mai shi, in ba haka ba ya ɓace. Idon da ke gani dishi-dishi ya fi makanta, wannan a fili yake. Amma wutar da ba ta kai ta firgita ko ɗan ƙaramin kifi ba, wane amfani za ta yi wa mai ita har ta ɗore, ta yi ta ƙaruwa zuriya bayan zuriya, ta kai ta minjiriya? Wannan kulli ɗaya ke nan. Na biyu, kifayen lantarki ba ƴan gida ɗaya ba ne. Suna warwatse cikin dangogin da suka yi nisa da juna, ba yadda za a ce daga kaka ɗaya suka gaji abin.

Kullin farko da kifinmu aka kwance shi. Akwai wanda masunta ke kira ɗan sarki, masana kuma Gymnarchus niloticus: dogo ne, yakan kai mita ɗaya da rabi, wutsiyarsa siririya kamar ta ɓera, da dogon fiffike ɗaya a gadon baya tun daga wuya har kusa da ƙarshen wutsiya. Da fiffiken nan yake iyo, jikinsa a miƙe kamar sanda, kuma yadda yake tafiya gaba haka yake tafiya da baya. Hans Lissmann, masanin dabbobi a jami'ar Kambirij ta Ingila, ya lura cewa kifin kan kauce wa abin da ke bayansa ba tare da ya juyo ba, ga shi kuwa idanunsa ba su da wani ƙarfi. Ya tsoma wayoyi cikin ruwan ya haɗa su da na'urar auna lantarki, sai ga wata siririyar wuta mai ɗorewa dare da rana, wajen bugu 300 a kowane sakan, mai rauni ƙwarai har hannun mutum ba ya jin ta. Ya buga labarin a 1951.

A 1958 shi da abokin aikinsa Ken Machin suka nuna amfanin abin. Suka sa tukwane biyu na yumɓu mai tsattsafo, irin wanda lantarki ke ratsawa, kamanninsu ɗaya a ido. Ɗaya ruwa kaɗai ne a ciki, ɗaya an ɓoye masa sandar gilas. Kifin ya koyi bambanta su domin ya sami abinci. Wutar da yake saki tana kewaye jikinsa kamar laima. Dutse na karkata ta ta wata fuska, ciyawa ko kifi mai rai ta wata fuska dabam, kuma fatarsa cike take da ƴan ramuka masu jin wannan karkata. A ruwan damina, jawur da laka, cikin dare, wannan ya fi ido. Ɗan sarki shi kaɗai ne a gidansu, amma yana da ƴan'uwa na kusa da ake kira mormir, fiye da nau'i 200 a kogunan Afirka, waɗansu da dogon baki lanƙwasasshe kamar hannun giwa, kuma dukansu haka suke gani, haka suke magana da juna. Ashe raunin wuta bai hana ta amfani ba. Matakan da Darwin ya nema suna nan. Kunne ne ba a sa musu ba.

Wanda ke son ganin matakin tsakiya ya dubi ƙurungu. A jikinsa akwai wata ƴar tsoka da ke girgiza jakar iskar da ke cikinsa ta fid da gunji. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa a waɗansu nau'o'in ƙurungu tsokar nan sauti take bayarwa, a waɗansu zaruruwan motsinta sun ragu ta koma sakin lantarki mai rauni, a waɗansu kuma tana yin duka biyun, ko da yake ba a lokaci ɗaya ba.

Na taɓa tambayar wani dattijon basarke a Gaya, muna zaune yana gyaran taru. Na ce, “Baba, ina minjiriya ke ajiye wutar nan tata?” Ya yi murmushi ya ce, “Malam, ai ba ajiya ba ce, aiki ne. In ta yi ta bugu sai ta gaji, ƙarfin ya ragu, sai ta huta ya dawo. Yadda hannunka ke gajiya in ka wuni kana tuƙin jirgi.” Bai taɓa jin sunan Darwin ba, amma ya sa yatsa daidai wurin. Gaɓar lantarki tsoka ce da ta sake sana'a.

Jikin kifi, kamar namu, an gina shi da ƙananan ɗakuna da ake kira selil, kowane da tantanin da ya kewaye shi. Ruwan da ke ciki da wanda ke waje duka ruwan gishiri ne, sai dai gishirin ba ɗaya ba. A waje sodiyom ya fi yawa, wato sinadarin da ke cikin gishirin Bilma da kanwa; a ciki kuwa potasiyom, wanda mata ke tsiyayowa daga toka. In gishiri ya narke yakan rabu ya zama ɓarɓashi masu ɗauke da caji, su ake kira ayon. Wannan rabo na ciki da waje ba haka kawai ya zauna ba. Akwai famfo a jikin tantanin, yana fid da sodiyom uku yana shigo da potasiyom biyu, ba hutu, da ƙarfin abincin da aka ci. Aikinsa kamar na injin da ke hau da ruwa bisa tankin gari. Ruwan da ya hau, jira kawai yake a buɗe masa.

Ƙofofin ayon su ne mabuɗan. Kowace ƙofa dunƙulen furotin ce da ta ratsa tantanin, da rami a tsakiya, kuma tana da zaɓe: wannan ta sodiyom ce, waccan ta potasiyom. In saƙo ya iso daga jijiya sai ƙofar sodiyom ta ji sauyin caji ta buɗe, sodiyom ya kwararo ciki, cajin ɗakin ya juye. Cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na sakan, wani ɗan marfi da ke rataye a jikin ƙofar ta ciki ya faɗa bakin ramin ya toshe shi. Sannan ƙofar potasiyom ta buɗe, potasiyom ya fita, caji ya koma yadda yake da. Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka auna wannan kai da kawo a jijiyar wata dabbar teku a 1952, tun ba a ga ƙofofin da kansu ba. Da shi nake motsa alƙalamin nan, da shi mai karatu ke bin layi da ido. Lantarki kowa na da shi. Tarawar ce sai wane da wane.

Ita kuwa tarawar dabara ce mai sauƙi. A tsoka, bugun lantarki umurni ne kawai: ya zo, zaruruwa su tsuke. A gaɓar lantarki an yar da tsukewar an riƙe umurnin, selil ɗin ya baje ya zama faifai. Akwai wani dogon kifi a kogin Amazon na Amurka ta Kudu, mai kama da maciji, ana ce da shi gimnot. A jikinsa Richard Keynes da Martins-Ferreira suka nuna a 1953 cewa fuska ɗaya ce ta faifan ke bugawa, ɗayar tana zaune shiru. Saboda haka a lokacin bugu akan sami bambancin kusan kashi 15 cikin ɗari na volt ɗaya tsakanin fuskokin biyu. Wannan ba komai ba ne. Amma a jera fayafai dubu biyar ko shida, kai da gindi kamar pil a cikin tocila, a ba su umurni lokaci ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, hannu dubu kuwa sai su ɗauki gari. Wani nau'in gimnot da aka bayyana a 2019, aka kuma raɗa masa sunan Volta, an auna masa volt 860. A jikin minjiriya fayafan sun kai miliyoyi, kuma selil ɗin jijiya biyu tak ke ba su umurni, ɗaya na dama ɗaya na hagu.

Da yake gaɓar cike take da ƙofofi, ita ta zama rumbun masu bincike. Abin da ake nema da tsinke a cikin ƙwaƙwalwa, a nan da ludayi ake ɗiba. Jean-Pierre Changeux, a cibiyar Pasteur ta birnin Pari, daga gaɓar gimnot ya fara ware furotin ɗin da ke karɓar saƙon jijiya, a 1970. A 1984 ƙungiyar Shosaku Numa a Kiyoto ta Japan ta karanta ginin ƙofar sodiyom kakaf, karo na farko ga kowace halitta, daga wannan kifi dai: tubali 1820 a jere, sun naɗe kashi huɗu masu kama da juna kewaye da ramin. Masu binciken farfaɗiya da rikicewar bugun zuciya da allurar kashe zafi duk sun ci moriyar wannan karatu, domin ƙofofinmu ƴan'uwan na kifin ne.

Yanzu ga inda maganar ta yi nauyi. Ƙofar sodiyom ta tsoka ba abin wasa ba ce. Kowane furotin yana da rubutun da ake bi wajen ƙera shi, wato ƙwayar gado, kuma mutum iri ɗaya tak yake da ita domin wannan ƙofa. Masana na kiran ta SCN4A. Tubali ɗaya in ya sauya a wurin da ya shafi marfin, ciwo ne: ko tsoka ta sandare ta ƙi saki, ko ta mutu na wani lokaci mutum ya kasa tashi. An gano haka a waɗansu iyalai a 1991. Masu dawaki a Amurka sun biya kuɗin wannan darasi da tsada: wani ingarma mai suna Impressive, wanda aka yi ta rububin irinsa saboda kyan ƙira, ya gadar wa dubban jikokinsa irin wannan sauyi, doki na tsaye sai ya hau karkarwa ya zube. Ƙofar da ke da haɗari haka zamani ba ya barin ta ta sauya, domin kifin da tasa ta karkace ba ya daɗewa har ya bar baya. To yaya aka yi ita ɗin dai ta zama abin busa mai murya ɗaruruwa a jikin kifayen lantarki?

Amsar ta girme su nesa. Wajen shekara miliyan 300 da suka wuce, a jikin kakan mafi yawan kifayen da muke ci yau, kundin gado ya ninku gaba ɗayansa, kamar a ce mai kwafi ya rubuta littafi sau biyu ya ɗinke su cikin bango ɗaya. Akasarin kwafin na biyu sun lalace da tafiyar zamani sun ɓace. Waɗansu sun tsira, cikinsu har da na ƙofar sodiyom ta tsoka. Shi ya sa kifaye ke da tagwaye a inda muke da tilo. Masana sun sa musu scn4aa da scn4ab. Mu ce Hasana da Usaina, don kada harshe ya sarƙe. Susumu Ohno, masanin gado ɗan Japan, ya faɗa tun 1970 cewa irin wannan ninki shi ne babbar hanyar samun sabon abu a jikin halitta: ɗaya ta riƙe aikin gida, ɗaya ta sami sararin fita.

Fiye da shekara miliyan 100 tagwayen suka yi zaune tare cikin tsoka suna aiki ɗaya, kuma a yawancin kifaye har yanzu haka suke. A 2006 Harold Zakon na jami'ar Texas da abokan aikinsa suka duba mormir na Afirka, suka tarar Hasana ta bar tsoka ta tare a gaɓar lantarki, Usaina na riƙe da gida. Suka duba dangin gimnot na Amurka ta Kudu: haka ɗin dai, kuma Hasanar ce dai ta fita. Da ta bar tsoka, sauyin tubalinta ya daina zama ciwo. Sauye-sauye suka taru a jikinta da sauri fiye da na ƴar'uwarta, kuma da dama daga cikinsu sun faɗa a sassan da ke sarrafa marfin, wato sassan da in an taɓa su a jikin mutum ko doki sai jinya. A 2010 Matthew Arnegard ya faɗaɗa binciken zuwa nau'o'i masu yawa, ya same shi a tsaye. Saurin rufewar marfi yana cikin abin da ke yanke tsawon bugu, tsawon bugu kuwa shi ne muryar kifi.

François Jacob, wanda ya sami kyautar Nobel a 1965, yana da wani kwatanci da nakan so in karanta tare da ɗaliban ajin ƙarshe na lise saboda tsabtar Faransancinsa. A ganinsa juyin halitta ba ya aiki irin na injiniya mai zane a takarda da kayan da ya yi oda. Aikinsa irin na mai ƴan gyare-gyare ne, wanda ke amfani da abin da hannunsa ya kai. Mu ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Kowace kasuwa tamu tana da mai gyaran rediyo zaune cikin tulin matattun akwatuna, ba ya yar da ko ƙusa, ya san da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai ina ganin kwatancin ya yi wa juyin halitta alfarma. Mai gyara ya san abin da yake nema, yana ajiya ne domin gobe. Hasana ba domin lantarki aka ajiye ta ba. Ta zauna ne tana taya ƴar'uwarta aiki har ranar da wata hanya ta buɗe. Ban da haka, mai gyara yakan kashe rediyo kafin ya kwance ta. Kifi kuwa dole ya ci gaba da iyo da gudun maƙiyi da haihuwa alhali ana sauya masa kaya, kuma wannan ne ya sa rarar ta zama tilas.

Saura kulli na biyu. Masana na lissafa aƙalla sau shida da gaɓar lantarki ta ɓullo a cikin kifaye, kowace da kanta. Mormir da dangin gimnot sun yi kama ƙwarai, har akwai masu dogon bakin a ɓangarorin biyu, amma kama da wane ba ta wane: gimnot ya fi kusa da tarwaɗa da minjiriya a dangantaka fiye da yadda yake da ɗan sarki, kuma kakan da ya haɗa su ba shi da gaɓar lantarki. Kowane ya sami tasa wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, zamanin da teku ke buɗewa tsakanin Afirka da Amurka ta Kudu. A 2014 Jason Gallant da abokansa suka karanta kundin gadon gimnot, suka gwama gaɓoɓin lantarki na gidaje uku, har da na minjiriya. Ko'ina suka tarar da tsari ɗaya: an rage aikin ƙwayoyin gadon tsukewa, an ƙara na ƙofofi da famfo, an ƙara na girman selil, an ƙara na wani zare mai hana wuta zurarewa ta gefe.

Waɗansu marubuta na ɗaukar wannan maimaici da girma, har su ce da za a mayar da zamani baya a sake, haka za a sake samu. Ni ban kai nan ba. Matan gida biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, in ka ba kowace gero da turmi da nono, kada ka yi mamaki in ka tarar da fura a gidajen biyu. Kayan ne ɗaya, kuma hanyoyin da tsoka za ta bi ta zama pil ba su da yawa. Wurin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda suka saɓa. A 2022 Sarah LaPotin da abokan aikinta suka gano wani ɗan guntun ADN, haruffa wajen 20, wanda aikinsa shi ne ya tashi ƙwayar gadon nan ta yi aiki a cikin tsoka. A kifayen Amurka ta Kudu guntun ya lalace ko ya ɓace daga jikin Hasana, shi ya sa ta yi shiru a tsoka. A na Afirka kuwa yana nan, in an gwada shi ma yana iya aikinsa, amma duk da haka Hasana ta yi shiru. Da wani makulli dabam aka rufe ta.

Kifayen teku ba su ma biyo ta wannan ƙofa ba. Torpil, mai faɗi kamar faranti, danginsa sun rabu da sauran kifaye tun kafin ninkin. Fayafansa da wata ƙofa suke aiki, wadda sinadarin jijiya ke buɗewa kai tsaye, irin wadda Changeux ya ware. Ruwan teku kuma gishiri gare shi, wuta na ratsa shi da sauƙi, don haka torpil ya jera fayafansa ginshiƙai masu yawa gefe da gefe, volt kaɗan kwarara mai yawa. Ruwan kogi tauri gare shi ga lantarki, shi ya sa minjiriya ke buƙatar ɗaruruwa.

Ƙofar potasiyom ma ba a bar ta a baya ba, tunda ita ke rufe bugun. Akwai wani ƙaramin mormir mai suna Brienomyrus brachyistius wanda bugunsa bai wuce ƴan kaso cikin dubu goma na sakan ba. A 2018 Immani Swapna, a ɗakin binciken Zakon, ta ɗauki ƙofar potasiyom ɗinsa, wadda ita ma ɗaya ce daga tagwayen tsohon ninkin, ta dasa a ƙwan kwaɗo, ta dasa ta ɗan sarki a wani ƙwan, ta auna. Ta ƙaramin kifin na buɗewa da wuri, da ɗan taɓi kaɗan, saboda wani ɗan faci na tubala masu caji da ya tsiro kusa da inda ƙofar ke jin lantarki. Ɗan sarki ya riƙe tsohuwar ƙira.

Me ya sa kifi zai damu da kashi ɗaya bisa dubu na sakan? Domin da shi yake gane nasa. A kogin Ivindo na ƙasar Gabon, Carl Hopkins na jami'ar Cornell da ɗalibansa sun shafe shekaru suna sauraren mormir, suka tarar da nau'o'in da ido ba ya bambanta su sai da ƙyar, amma kowane da siffar bugunsa: wannan gajere, wancan dogo, wani da ɗan gabatarwa a farko. Da aka sa wa namiji muryar mace ta cikin waya, ta nau'insa yake amsa wa da kiran neman aure. Wanda ya wuni yana nuna wa yara cewa tsawon wasali kaɗai ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, ba zai rena wannan ba. Sauraren ma ba kyauta ba ne: a wani mormir mai suna Gnathonemus petersii an auna a 1996 cewa ƙwaƙwalwa na cinye wajen kashi 60 cikin ɗari na iskar da jiki ke amfani da ita, alhali tamu kashi 20 take ci.

A nau'o'i da yawa, in lokacin haihuwa ya zo, sinadarin mazakuta kan sa bugun namiji ya ƙara tsawo. A wani mormir na kogin Zambezi, daga gidan Marcusenius, bugun baligin namiji kan ninka na mace wajen sau goma, kuma gwajin da aka yi a kan danginsa na Afirka ta Kudu ya nuna mata sun fi karkata ga mai dogon bugu. Sai dai ba mata kaɗai ke sauraro ba. Tarwaɗa, irin wadda ake ƙyafewa a kai kasuwanninmu, ita ma fatarta na jin lantarki, amma mai jan tsawo kawai take ji. Gajeren bugu wuce ta yake. A dausayin Okabango na ƙasar Botswana, lokacin da tarwaɗa ke farauta garke-garke, wannan kifi ne ya fi yawa cikin abin da aka tarar a tumbinsu. Susanne Hanika da Bernd Kramer na jami'ar Regensburg ta Jamus sun horar da tarwaɗa a cikin kwatarniyar gwaji, suka riƙa sa mata muryoyin ta cikin waya, suka buga sakamakon a 2000. Muryar mace ba ta motsa ta ba. Ta namiji kuwa tana iya jin ta daga nisan da ya wuce mita ɗaya.